Kwatarniyar Dutse a Bakin Ƙofa

A ɗan ɗakin sujadarmu da ke gefen unguwar Kilomita Biyar a nan Bangi, da fanteka muke yin baftisma. Farar fanteka ce mai jan baki, irin wadda kowace uwargida take da ita a ɗaki, gindinta ma ya soma ɓamɓarewa. Ran da za a kawo jarirai, ni nake fito da ita daga akwati, in wanke, in ɗora bisa tebur, in zuba ruwa, Fada ya zo ya sa albarka. In an gama sai in kai ruwan gindin mangwaro in zubar, in mai da ita wurinta.

Bara wani dattijo a cikinmu, wanda ya tsufa a aikin gini, ya tashi a taron kwamiti ya ce yana so kafin Allah ya yi kiransa ya sassaƙa mana kwatarniyar baftisma ta dutse, a kafa ta kusa da ƙofa. Kafin ya zauna wata mace daga zumuntar mata ta ce, "Baba, dutse fa ka ce? Mu da muka gudu har sau biyu da tabarma a ka? In abin ya sake tashi, fanteka ko yarinya tā ɗauka. Wa zai ɗauki dutse?" Ba wanda ya yi dariya. Aka ce tun da ni ke koyar da masu neman baftisma, in je in bincika inda wannan al'ada ta fito. Na yi watanni ina aron littattafai a gidan Fadoci. Abin da na samo shi ne nake so in shimfiɗa a nan, gama na tabbata ba mu kaɗai muke da wannan gardama ba.

Masu bi na farko ba su da kwatarniya. Yahaya a Kogin Urdun ya yi aikinsa. A Ayyukan Manzanni sura 8, Filibus da ma'ajin sarauniyar Habasha suna cikin tafiya suka iske ruwa a hanya, suka tsai da karusa suka sauka. Akwai wani ɗan littafi na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ana ce da shi Didake, watau Koyarwa. Ya ce a nemi ruwa mai gudu; in babu, kowane ruwa ya yi; in mai sanyi bai samu ba, a yi da mai ɗumi; in kuwa ruwan kaɗan ne, a zuba a ka sau uku. Da na karanta wannan sai na ji fantekarmu ta ɗan sami daraja a idona.

Wurin baftisma mafi tsufa da aka gano a cikin gini yana Dura-Yurofos, bakin Kogin Yufiretis a ƙasar Suriya. Wajen shekara ta 240 masu bi suka gyara wani gidan zama ya zama wurin taronsu, suka keɓe ɗaki guda, suka gina kwami a jikin bango, suka zana Makiyayi Mai Kyau a bisansa. Bayan da Sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin sujada a shekara ta 313, sai aka shiga gina manyan ɗakunan baftisma kusa da majami'ar bishop, da tafki a tsakiya, da matakala ta sauka da ta hawa. Manya ake yi wa, galibi a daren Ista, bayan koyarwa mai tsawo wadda a waɗansu wurare takan kai shekara uku. (Almajiraina da suke ƙorafi a kan shekara biyu su ji.) A irin wannan tafki mai kusurwa takwas ne Bishop Ambros ya yi wa Agustin baftisma a Milan, a Istan shekara ta 387. Agustin kuwa ɗan Afirka ne, haifaffen Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau. Kusurwa takwas ɗin tana tuna rai takwas da suka tsira a jirgin Nuhu, da kuma rana ta takwas, ranar tashin Ubangiji. Ɗaya daga cikin mafi kyau da suka rage ma a Afirka yake: tafkin da aka samo kusa da Kelibiya a Tunisiya, na ƙarni na 6, an yi masa ado da ƙananan duwatsu masu launi, da siffar kifaye da itatuwa da gicciye. Yana gidan tarihi na Bardo a birnin Tunis.

To, yaya aka yi tafki ya koma kwatarniya? Bishara ce ta haura arewa zuwa ƙasashen sanyi, inda birane kaɗan ne, jama'a kuma suna warwatse a ƙauyuka. Da fari a can ma kogi aka nufa. Bede, mai rubuta tarihin ikkilisiyar Ingila, ya ba da labari cewa bayan da Sarki Edwin ya karɓi baftisma a York a shekara ta 627, Bishop Paulinus ya yi kwana 36 yana koyarwa yana kuma yi wa mutane baftisma a Kogin Glen tun safe har yamma. Amma da tsara ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, manya duka sun riga sun shiga, sai jarirai suka rage. Jariri kuwa ba ya sauka matakala, ba a kuma tsoma shi a kogi mai ƙanƙara. Yara suna mutuwa da yawa a kwanakinsu na farko, iyaye suna tsoron ɗansu ya tafi ba baftisma, ba su iya jiran Ista, ba su iya jiran bishop. Sarki Ine na Wessex, wajen shekara ta 694, ya kafa doka a yi wa kowane jariri baftisma cikin kwana 30, uban da ya yi sakaci ya biya tara. Sai aka bukaci mazubi wanda firist zai tsaya a gefensa ya tsoma yaro da hannu. Na farko da yawa na itace ne, kamar ganga. Shi ya sa in ka dubi hotunan tsofaffin kwatarniyoyin dutse za ka ga sun ɗauko siffar gangar, har da zanen igiya kewaye da ciki. Ni dai da na fara ganinsu, turmin da uwata take daka a ciki na tuna.

Akwai abin kunya a wannan tarihi, ba zan tsallake shi ba. Sarki Sharlaman, da ya ci ƙasar Sakson ta Jamus da yaƙi, ya kafa doka wajen shekara ta 785 cewa wanda ya ɓuya don gudun baftisma a kashe shi. Malaminsa Alkuwin, mutumin York, ya rubuta wasiƙu a shekara ta 796 yana gargaɗi cewa ana iya tilasta wa mutum shiga ruwa amma ba a iya tilasta masa ba da gaskiya, a koyar tukuna kafin a yi baftisma. Alkuwin ke da gaskiya. Saboda haka kada mu ƙirga kwatarniyoyin Turai mu ce adadin masu bi muka ƙirga.

Turawa suna kiran shekarun da suke tsakanin wajen 500 da 1500 Zamanin Tsakiya. A cikinsa ne aka yanka ƙasashensu faris faris, watau gunduma wadda firist ɗaya yake kiwonta. Da farko babbar majami'a guda ce take riƙe da yanki mai faɗi, ita ce uwa. Mai gona babba yakan gina ƙaramar majami'a a ƙauyensa, a yi addu'a a can, amma baftisma da jana'iza sai an je wurin uwa, gama ita take da ikon, ita kuma take karɓar ushiri. Ran da ƙauye ya sami izinin kafa kwatarniyarsa, ran nan ya zama gari mai kansa a sha'anin ikkilisiya. Takardun koke da mutanen ƙauyuka suka riƙa aika wa bishop-bishop suna nan har yau, maganarsu kuma kusan iri ɗaya ce: hanya tana da nisa, rafi yakan cika, jarirai suna mutuwa a hanya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyen da Fada yake zuwa sau biyu a shekara, damina kuma ta yanke hanya, ya san wannan kuka.

A Ingila, bayan da Normawa suka ci ƙasar a shekara ta 1066, aka rushe majami'un katako aka gina na dutse a kusan kowane ƙauye, har faris suka kai wajen 9,000. Wannan lokaci ne da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, majami'un nan an sake gina su sau biyu sau uku, an ɗaga bango, an faɗaɗa taga, an canja rufi, amma kwatarniya aka bar ta. Sau da yawa ita ce abu mafi tsufa a cikin ginin duka. Mutane sukan yarda a rushe bango, amma ba su yarda a taɓa inda aka tsoma kakanninsu ba.

Wurinta kusa da ƙofa ne, can baya, nesa da bagade, domin baftisma ita ce shiga. Ga yadda ake yi a Ingila ta wancan zamani. Jariri yakan zo ran da aka haife shi ko kwana ɗaya biyu bayan haka, a hannun ungozoma, gama uwa tana kwance. Namiji iyayen baftisma uku yake samu, maza biyu da mace ɗaya. Mace kuwa mata biyu da namiji ɗaya. Ba a shiga da shi nan da nan. A bakin ƙofa firist yake tarye su, ya tambayi suna, ya yi masa alamar gicciye, ya sa masa ɗan gishiri a baki, ya yi addu'ar korar Shaiɗan, ya taɓa kunnuwansa da hancinsa da yau, yana tuna yadda Yesu ya buɗe kunnen kurman nan a Markus sura 7. Sa'an nan ya kama hannun damansa ya shigo da shi. A gefen kwatarniya iyayen baftisma suke amsawa a madadinsa, su ƙi Shaiɗan da ayyukansa, su shaida bangaskiya. A tuɓe shi tsirara, a shafa masa mai a ƙirji da tsakanin kafaɗu, a tsoma shi sau uku da sunan Triniti Mai Tsarki. Uban baftisma ya karɓe shi daga ruwan, a shafa masa mai mai tsarki a ka, a naɗe shi da farin ƙyalle, a sa kyandir a hannunsa. Firist ya gargaɗi iyayen baftisma su ga an tsare yaron daga wuta da ruwa da sauran haɗari har ya shekara bakwai, su kuma koya masa Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya. Wannan riƙo ba wasa ba ne a wurinsu. Yana ƙulla zumunta wadda take hana aure tsakanin gidajen, kamar ta jini.

Saboda tsomawar nan ne bakin kwatarniya yake da faɗi, cikinta kuma da zurfi. Akan shafe cikin da darma don kada dutse ya tsotse ruwa. A tsakiyar gindin akwai ɗan rami mai toshi wanda ya bi ta cikin ƙafar ya sauka har ƙasa, domin ruwan da aka keɓe kada ya bi kwata.

Shi ruwan, a daren Ista da daren Fentikos ake tsarkake shi da babbar addu'a, a ɗiga mai a ciki, a bar shi a kwatarniya ana amfani da shi. Nan ne wata matsala ta taso wadda ba baƙuwa ba ce a gare mu. Mutane suka riƙa satar ruwan suna kai wa masu magani, ko su yayyafa a gona, ko su ba mara lafiya. Wajen shekara ta 1217 Richard Poore, bishop na Salisbury, ya umarta a riƙa rufe kwatarniya da makulli saboda masu tsafi, waɗansu bishop-bishop kuma suka bi sawunsa. In ka dubi bakin tsofaffin kwatarniyoyin za ka ga gurbin ƙarfen da aka kafa, wani wuri ma dutsen ya tsage. Dā ina tsammani mu ne kaɗai muke fama da wannan. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ina kan hanyar gindin mangwaro wata tsohuwa takan tare ni da 'yar kwalba ta ce, "Malam, ɗan kaɗan, jikana ba ya barci." Nakan hana ta, in bi ta gida mu yi addu'a a kan yaron. Ashe bishop na Ingila ya sha wannan tun shekara 800 da suka wuce. Dokokin nan kuma sun koya wa ungozomai da iyaye kalmomin baftisma da harshensu, domin in jariri yana bakin mutuwa kowa ya iya yi masa a gida. Ruwan da aka yi da shi a zuba a wuta ko a kai majami'a, kwanon kuma a ƙone shi ko a ba ikkilisiya. Watau ko a zamanin dutse, kwanon ɗaki bai rasa matsayi ba.

Masu sassaƙa sun zuba gwanintarsu a kan waɗannan duwatsu, gama mutanen ba su iya karatu ba, dutsen ne littafinsu. A ƙauyen Eardisley kusa da iyakar Wales akwai kwatarniya ta wajen 1150 wadda take nuna Almasihu riƙe da gicciye, ya kama wani mutum a hannu yana fizgo shi daga cikin sarƙaƙƙiya, a gefe ga zaki, ga mayaƙa biyu suna sukar juna. A East Meon an sassaƙa halittar Adamu da Hawwa'u, da cin 'ya'yan itacen, da korarsu, har da mala'ika yana nuna wa Adamu yadda ake haƙa ƙasa, Hawwa'u kuma tana kaɗi. Uban baftisma da yake tsaye riƙe da yaro yana ganin dalilin zuwansa a gabansa.

Ta East Meon ɗin ba a Ingila aka yi ta ba. Daga Tournai ta fito, a ƙasar Beljiyam ta yau, inda ake haƙar wani baƙin dutse mai ɗaukar sheƙi a bakin Kogin Escaut. A can ake sassaƙawa, a ɗora a jirgin ruwa, a haye teku. Bakwai irinta suna Ingila har yanzu. Wadda ta fi suna tana babbar majami'ar Winchester, da labaran Nikolas mai tsarki a jikinta. Tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin shi ma ya yi wannan fatauci, yana aika kwatarniyoyi zuwa garuruwan bakin Tekun Baltik. Mu da muka tashi a kasuwar Kilomita Biyar, inda kaya suke zuwa daga Duwala da Garwa da Kano, mun gane wannan: inda bukata take, fatake sā kai, ko da dutse ne. Yawancin masu sassaƙar ba a san sunansu ba. Amma a Bridekirk, can arewacin Ingila, wani mai suna Rikard ya rubuta sunansa a jikin aikinsa da tsohon rubutun mutanen arewa, ya kuma zana kansa a durƙushe da guduma da kurfi. Da na nuna wa dattijonmu hoton, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce riƙon kurfin daidai ne.

A ƙarni na 15, zamanin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano, yayi ya koma ga kwatarniya mai fuska takwas. A yankunan Norfolk da Suffolk, inda cinikin ulu da tufafi ya kawo arziki, aka yi wajen 40 waɗanda suke nuna sakramenti bakwai, fuska ta takwas kuma gicciyewa ko baftismar Yesu. Mutanen East Dereham sun sayi tasu a shekara ta 1468 a kan fam 12 da 'yan kai, lissafin kuɗin yana nan a rubuce. Murfin ma ya zama abin gasa. Na Ufford katako ne da aka sassaƙa kamar hasumiya, tsawonsa ya fi mita 5.

Sai rabuwa ta zo. A birnin Zurik, ran 21 ga Janairu 1525, waɗansu masu bi da suka ƙi baftismar jarirai suka yi wa juna baftisma a cikin gida. Bayan shekara biyu hukumar birnin ta nutsar da ɗayansu, Felix Manz, a Kogin Limmat. Kirista ne suka kashe Kirista da ruwa a kan maganar ruwa. A Ingila ikkilisiyar da ta rabu da Roma ta riƙe kwatarniya, dokarta ta 1604 ma ta ce kowace majami'a ta kasance da ta dutse a wurin da aka saba. Amma a yaƙin basasa na shekarun 1640 waɗanda suka yi rinjaye suka ga siffofin nan gumaka ne. Wani mai suna William Dowsing ya bi majami'un Suffolk yana farfasa hotuna yana rubuta abin da ya fasa. Murfin Ufford dai ya tsira. A shekara ta 1645 aka fito da sabon tsarin sujada, baftisma ta koma ƙaramin kwano a gaban jama'a. Kwatarniyoyi da yawa aka fasa fuskokinsu, waɗansu aka jefar waje. Da sarauta ta dawo a 1660 aka mai da waɗansu, aka sassaƙa sababbi. Waɗansu kuwa, ko a lokacin ko daga baya, suka ɓace a gonaki, suka zama kwamin shayar da dabbobi ko tukunyar furanni. Ta Deerhurst, wadda take cikin mafi tsufa a Ingila, ta ƙarni na 9, a gidan gona aka tsince ta a ƙarni na 19 ana aikin gida da ita. Ƙafarta kuma dabam aka samo kusa da Kogin Severn. Aka haɗa su wajen 1870 aka mai da ita majami'arta.

Kada mai karatu ya ɗauka Turai ce kaɗai take da wannan tarihi. A daidai waɗannan ƙarnuka akwai mulkokin Kirista a Nubiya, bakin Kogin Nilu, a ƙasar Sudan ta yau. Bishara ta kafu a can tun ƙarni na 6. Masanan ƙasar Folan da suka fara tono a Tsohuwar Dongola a shekara ta 1964 sun tarar da majami'u da wuraren baftisma masu siffar gicciye. Amma a shekara ta 1317 aka mai da babban zauren sarakunan Dongola masallaci, sannu a hankali kuma ikkilisiyar ta ƙare. Haka Kelibiya, haka Hippo ta Agustin: wurin baftisma yana nan, waɗanda aka yi wa babu zuriyarsu a cikin bangaskiyar. A Habasha kuwa, inda Sarki Lalibela ya sa aka sassaƙa majami'u 11 daga cikin dutse wajen shekara ta 1200, aka kuma sa wa rafin wurin suna Yordanos, watau Urdun, har yau jama'a suna taruwa kowane Janairu don idin Timkat, tunawa da baftismar Yesu. Dutse iri ɗaya, ƙarshe iri biyu. Wannan ya hana ni barci fiye da dukan abin da na karanta.

Kusa da mu kuma, ruwan Ubangi da yake wucewa ta gabanmu a Kogin Kwango yake zuba, can ƙasa kuwa Sarkin Kwango Nzinga a Nkuwu ya karɓi baftisma a hannun firistocin Fotugal ran 3 ga Mayu 1491. Amma shekara 400 suka wuce kafin abin ya hauro nan. An kafa Bangi a 1889. Bishop Augouard da Fadocin Ruhu Mai Tsarki suka buɗe mishan na Saint-Paul a bakin gangarar kogi a 1894, na farkon da aka yi wa baftisma kuma yawancinsu yara ne da aka fanso daga bauta. Barthélemy Boganda, maraya ne da mishan ta riƙe, an yi masa baftisma a jajiberen Kirsimeti na 1922, ya zama firist na farko ɗan ƙasa a 1938. 'Yan'uwanmu na Baftis da na ikkilisiyar 'Yan'uwa, waɗanda suka shigo a farkon shekarun 1920, kogi suke zuwa da manyansu har yau. A ƙasar kakannina ma haka abin yake, sabo ne: Samuel Ajayi Crowther ya yi baftisma a Gbebe kusa da Lakwaja a 1862, majami'ar Wusasa ta Zariya kuwa da ƙasa aka gina ta a 1929. Mu duka muna inda Ingila take a zamanin Paulinus da jikokinsa, tsakanin kogi da ganga.

Abin da ya sa tambayar matar nan take da nauyi, kowa a Bangi ya sani. Daga Disamba 2013 unguwarmu ta zama kurkuku. Maƙwabtanmu Musulmi aka tsare su a ciki ba su iya fita, masallatai da yawa a birni da ƙauyuka aka rushe, Kirista kuma suka watse daga kewayen. Dubbai suka fake a harabar majami'ar Fatima. Aka kai mata hari ran 28 ga Mayu 2014, aka sake ran 1 ga Mayu 2018 ana cikin sujada, inda Fada Albert Toungoumale-Baba ya rasu tare da jama'a da dama. A tsakanin nan Paparoma Faransis ya zo, ya shiga babban masallacin unguwar ran 30 ga Nuwamba 2015, muka ga abin da ba mu zata za mu gani ba. A gudun farko abin da na ɗauka shi ne littafin sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Wannan littafi ma ɗan kwatarniya ne: Ingila ta umarta a riƙa rubutawa a 1538, taron Trent kuma ya ɗora wa dukan faris na Katolika a 1563. Mutane da yawa da takardunsu suka ƙone, daga cikinsa muka sake rubuta musu kati.

Da kwamiti ya sake zama na faɗa musu duk wannan, ban rage na Dongola ba. Na ce a iyakar karatuna ban ga inda aka gudu da kwatarniya ba. Barinta ake yi. Waɗansu sun komo sun same ta, waɗansu jikoki ne suka tono ta daga gona, waɗansu kuwa ba su komo ba har abada. Waɗanda suka kafa ta ba su san wanne zai same su ba. Abin da suka sani shi ne suna nufin zama, suna kuma sa ran za a haifi yara a wurin bayan ransu. Suka tambaye ni ra'ayina. Na ce ina goyon bayan dutse, ko da yake gabana yana faɗuwa.

Matar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To Baba, ka auna bakin daidai da fanteka, ta riƙa zama a ciki." Dattijo ya ce, "'Yata, kawo ta in gwada." Na gaya musu Turawa ma sun yi haka daga baya, sa'ad da tsomawa ta koma zubawa, suna sa ƙaramin kwano a cikin tsohon dutse.

An kawo dutsen a amalanke daga wurin fasa duwatsu a bayan gari, samari shida suka turo shi. Yana gindin mangwaro yanzu. Wani maƙeri Musulmi a kasuwa, abokin dattijon tun suna yara, shi yake wasa masa kurfi duk mako. Cikin ya kusa rabi. Jiya ya kira ni ya nuna mini inda zai huda ramin gindi, ya kuma tambaye ni ko a sa ƙarfen makulli tun yanzu, don in an bari sai daga baya, dutsen yana iya tsagewa.